Teburin wasan labari na Domayo: ra'ayina

A unguwar Domayo, nan Marua ta ƙasar Kamaru, akwai wani mai shayi da ke ba da ɗakin bayan shagonsa duk yammacin Asabar don wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labarin da mutum ɗaya ke ja, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Sefa 500 ne kuɗin zama, har da shayi. Kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, sai ƙwayar lido mai fuska 20 da ke yanke hukunci idan ka ce za ka tsallake rami ko ka yaudari mai gadi. Littafin na Faransanci ne, amma mai jan labarin, wani malamin makaranta, da Hausa yake ja, yana sirkawa da Fulatanci.

Malam ba ya wasa da dokar duniyar da ya gina. Idan rijiyar gari ta ƙafe a wannan Asabar, ba za ka tarar da ruwa a ta gaba ba sai da dalili. Jarumin da ya mutu ya mutu. Ina son haka ƙwarai, domin da zarar komai ya zama mai sauyawa, tsoro da murnar wasan sun tafi.

Amma abin da ya sa nake rubutun nan daban ne. Wata rana labari ya kai mu ƙauyen da mahara suka afka wa cikin dare. A teburin akwai wani yaro da iyayensa suka baro garin Kolofata, kusa da iyakar Najeriya, saboda hare-haren Boko Haram. Malam ya fara kwatanta hayaƙi da ihu, sai yaron ya ajiye alƙalaminsa, ya sunkuyar da kai. Malam bai tambaye shi komai ba. Cewa kawai ya yi: "Gari ya waye, kun iso bayan ƙura ta lafa, ga wata tsohuwa tana neman a raka ta wajen 'yan'uwanta." Harin ya faru, maharan suna nan, taswira ba ta canza ba, amma ba a sa kowa ya kalli abin da idonsa ba. Da aka tashi sallar Magariba na ji ya ce masa a hankali, "Ƙanena, in ci gaba ta nan ko in kauce?"

Akwai kati mai alamar X a tsakiyar tebur, dabarar wani mai tsara wasanni, John Stavropoulos: wanda abu ya dame shi ya taɓa, a wuce wurin ba tare da neman bayani ba. Niyyar mai kyau ce, sai dai ban taɓa ganin wanda ya taɓa shi ba. Kunya ba za ta bar yaro ya miƙa hannu a gaban manya ba. Abin da ke aiki shi ne zaman farko da Malam ke yi da kowane sabon ɗan wasa shi kaɗai, ya ji abin da ba ya so. Ta nan ne ma aka warware batun gumakan cikin littafin: wadda ba ta son jarumarta ta bauta musu, aka mai da ita mai maganin gargajiya.

Ɗakin kam yana da zafi, fanka ɗaya ce, kuma ƙarar babura na cinye muryar Malam. Mai son zuwa ya iso kafin La'asar ya kama kujerar kusa da shi.