Kyamara ta hannu ko makirufo? Amsa ga ƙanenmu na Jega mai tashar farashin kasuwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Kan tambayarka ta ko ka sayi waccan kyamarar ta hannu da aka yi maka tayi ko ka ci gaba da ɗauka da wayarka ka ƙara mata makirufo, ni dai ba zan yi ma kwana-kwana ba, bar kyamarar nan inda take, je ka sayi makirufo. Na leƙa tasharka ta YouTube na kalli bidiyon da ka yi na farashin albasa da na shinkafa, wallahi hoton bai da wata matsala, ana ganin buhu ana ganin mudu ana ganin fuskar mai saidawa. Abin da ya hana ni kai ƙarshe shi ne ban jin mi dillalin ke cewa, babur na wucewa, injin niƙa na ta ƙara daga baya, iska na bugun waya kamar za ta fasa kunne, sai da na mayar baya kafin in gane ko dubu nawa ya ce. Kuma tasha irin taka farashin nan shi ne kayan saidawarka, in ba a ji shi ba to mi aka zo kallo?

Ka tuna su wa ke kallonka. Mutanenmu ne masu lissafin data, da yawansu a 360p suke kallo wasu ma 240p ko 144p in sabis ya yi ƙasa, to a wanga mataki hoton kyamara mai tsada da na Tecno ko Infinix kusan duk ɗaya suke a ƙaramin gilashin waya. Amma murya ba ta ɓoyuwa, ko an rage hoto zuwa ƙasa in muryar tas take tas za ta fito. Kuma wasu ba ma kallon suke ba, mutum shina shago ko shina gona ya kunna ya aje waya a aljihu shina saurare kamar rediyo, mu dama mutanen rediyo ne tun kakanni.

Ni abin da nake amfani da shi Boya BY-M1 ne, ɗan ƙarami mai waya da ake maƙalawa a wuyan riga. Wayarsa doguwa ce, mita 6, shina cin ɗan batirin nan irin na agogo LR44, kuma akwai ɗan makunni a jikinsa na zaɓar kyamara ko waya. Ba zan manta da wani tsohon masunci da na zauna da shi a Argungu ba, kusa da kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, ka san yadda wurin nan yake, ganga na tashi, lasifika na tashi, jama'a ko'ina ba masaka tsinke. Na maƙala mishi ɗan abin nan a riga na ja baya na tsaya, tsohon nan ya saki jiki ya fara ba ni labarin yadda ake riƙe homa, yadda gora ke ɗaukar mutum bisa ruwa, da yadda suke gane giwan ruwa na ƙasa tun kafin su taɓa shi, da muryarsa ƙasa-ƙasa irin ta dattijai wadda ko ni da ke tsaye ban jin rabinta. Da na koma masauki na sa iyafis na kunna, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, kamar a ɗaki muke mu biyu, ganga na can nesa tana ba da armashi amma ba ta danne shi ba. Wanga bidiyo har yau shi ne wanda mutane suka fi daɗewa a kai a tashata, kuma 'yan Kabi da ke zaune Legas da Yamai da Saudiyya suka riƙa rubuto min cewa sun ji muryar gida. Bikin da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, hotunansa sun cika intanet, manyan kyamarori sun ɗauke shi ta kowace kusurwa, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna ya ji bakin masuntan da harshensu. Nan ne ƙaramin mai tasha ke da wurin tsayawa.

Ita kyamara to, ba a ce ba ta da kyau ba, tana fitar da fuska ta dusashe baya, in ɗaukar biki za ka shiga kana karɓar kwangila sai a yi maganarta. Amma ba ita kaɗai za ka saya ba, sai memori, sai batir na biyu, wataƙila sai gilashin gaba, sai kwamfuta ko abin juye bidiyon zuwa waya kafin ka yi editin, tsofaffin irin waɗanda ake kawowa na hannu da yawansu suna yanke ɗauka kafin minti 30, ƙurar hunturu kuma in ta shige ciki gyara sai an bar gari. Bayan duk wanga kashe kuɗi kuma za ka dawo ka sayi makirufon, don na jikin kyamara shi ma iska da hayaniya yake kwasa. Ga shi kana ɗaga babbar kyamara a kasuwa kowa zai kama bakinsa, wani ya ɗauka ɗan jarida ne wani ya ɗauka daga ofishin haraji kake, waya kuwa kowa na da ita ba wanda ke tsarguwa.

Sai maganar makirufo mai waya ko wayales, wato marar waya, tunda na san ita za ta biyo baya. In zama za ka yi da mutum ɗaya ku yi hira, mai waya ya fi, ba ruwanka da caji ba ruwanka da yankewa. In yawo za ka riƙa yi cikin layin 'yan hatsi da 'yan dabbobi to waya mita 6 za ta riƙa sarƙewa da ƙafar mutane da baro, nan wayales ya fi sauƙi, ka nemi mai baki biyu ɗaya naka ɗaya na wanda kake tambaya. Ka duba bakin wayarka tukuna, Type-C ne ko tsohon baki, akwai ramin iyafis ko babu, don in babu sai ka haɗa da adafta. Wasu wayoyin kuma sai ka shiga saitin ka kunna OTG, wato abin da ke sa waya ta gane kayan da aka jona mata, kafin su ga wayales ɗin, mutane da yawa kan mayar da kaya shago suna cewa ya lalace alhali OTG ne a kashe. Kuma kada ka baro shagon ba tare da ɗan gashin nan da ake sa wa bakin makirufo ba, soso kaɗai bai tare iskar hunturu. Kafin ka danna ɗauka ka sa wayar a yanayin jirgi, kira ɗaya na iya yanke maka hirar da ba za ka sake samu ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa ma. Jabun makirufo sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, ciki kuwa banza. Kada ka biya sai ka buɗe a gabansa ka jona a TAKA wayar, ba tashi ba, ka ɗauki magana, sannan ka ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa ka saurara. In ƙwanƙwasar ba ta fito da ƙarfi ba to wayarka ce ke ɗaukar muryar, abin da ka jona ado ne kawai. In wayales ne ka fita bakin shago ka juya baya ka yi magana ka ji ko shina yankewa. Mai kaya ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi mishi sallama ka wuce na gaba. Masu tallar kaya a Facebook da WhatsApp da ke cewa tura rabi a sa maka a mota, in ba wanda ka sani da zai tsaya musu, riƙe kuɗinka. Shi ma mai kyamarar nan da ke matsa maka cewa wani na jira da kuɗi a hannu, wagga magana ita ce alamar farko da ke sa ni ja baya.

Mafi sharri kuma su ne masu saida sabsikiraiba da awannin kallo, za su shigo maka inbos da zarar sun ga tasharka ƙarama ce. Ka'idar YouTube a fili take, kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma masu bibiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon da ake kira Shorts cikin kwana 90, sannan su duba tashar kafin su amince. Mabiyan da aka saya ba mutane ba ne, ba su kallo, YouTube na share su, kuma za a iya rufe tashar gaba ɗaya saboda su. Ko ba a rufe ba sun kashe ka, don za ka sa bidiyo, mutum dubu na bibiyarka amma ashirin su kalla, sai na'urar YouTube ta ɗauka abinka bai da daɗi ta daina nuna shi ga kowa. Haka masu cewa ba su imel da fasuwod su "saita" maka tasha, kada ka ba kowa, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun yau. In Allah ya kai ka, AdSense, wato sashen Google da ke biyan kuɗin talla, ba su biya sai kuɗi sun kai dala 100, kuma kafin nan za su aiko maka da lambar PIN ta gidan waya, don haka ka sa adireshin da wasiƙa ke iya zuwa da sunan da ke kan katin shaidarka daidai.

Canjin da ya rage bayan makirufo, ka sayi ƙaramar ƙafar ɗora waya da fawa bank mai kyau, sauran ka bar wa data. Fitilar zobe ba ka da buƙatarta, a waje kake ɗauka, ka dai fita da safe ko bayan la'asar ka sa rana a bayanka ba a bayan mai magana ba, kuma cikin zafin Maris da Afrilu ka riƙa sa wayar a inuwa don tana zafi ta tsaya.

Dan Allah ka gyara sunayen bidiyonka, "Kasuwa kashi na 7" ba wanda ke neman haka. Rubuta abin da mutum zai buga da hannunsa, farashin albasa a Aliero yau, farashin shanshera a Jega, da wata da shekara. Ka faɗi farashin tun a daƙiƙun farko, gaisuwa ta zama gajera, sannan ka sauke YouTube Studio a wayarka ka riƙa duba layin da ke nuna inda mutane ke ficewa, shi zai koya ma fiye da kowa. Ka yanko guntu mai daɗi ka sa a Shorts, tun Oktoban 2024 suna kaiwa minti 3. Kada ka ɗora waƙar wani a baya don kuɗin bidiyon na iya komawa ga mai waƙar. Ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa musamman mata, kuma da halin tsaron da muke ciki kada ka nuna ɗan kasuwa na ƙirga kuɗi, kada ka faɗi ƙauyen da mai shanu ya fito ko hanyar da zai bi ya koma, wanga ya fi min komai muhimmanci.

Ka sayi mai waya in kuɗin sun yi kaɗan, mai baki biyu wayales in sun kai. Ranar kasuwa mai zuwa ka ɗauki hira ɗaya da dillalin albasan nan, ka turo min kafin ka ɗora in saurara. Allah shi sa albarka.