Gwanzu ko Dubai: ina ɗan kasuwar Kaduna zai yi sari?

Duk wanda jarinsa ya ɗan yi ƙwari a kasuwar Sheikh Gumi, sai ya fara tunanin daina sari a Legas ya nufi waje. Wurare biyu aka fi ambata: Gwanzu da ke gaɓar kudancin ƙasar Sin, da Dubai a bakin tekun Fasha. Kowa farashi yake tambaya, amma ni na fi so a fara da agogo.

Sin ta riga mu da awa 7, Dubai da awa 3, kuma duk cikinsu babu mai sauya agogo da sauyin yanayi. Idan ka buɗe shago ƙarfe 8 na safe, a Gwanzu 3 na yamma ta yi. Kafin 11 ta safenmu sun tashi aiki. Safiyarsu kuwa, lokacin da ake loda kaya ake yanke ciniki, ƙarfe 2 ne na dare a nan. In an canza maka launi ko an rage inganci, kana barci. Shi ya sa Gwanzu ba ta yiwuwa sai da amintaccen wakili, kuma ladansa na cikin kuɗin kayanka, ka lissafa tun farko. Ka kuma saba da WeChat, don WhatsApp a toshe yake a can.

Dubai da sauƙi. Shagunan Deira, unguwar kasuwanni ta birnin, na kai wa dare, ga shi 10 na darensu 7 ne na yamma a Kaduna, sai ku wuni kuna magana da mai kaya.

To amma Dubai dillaliya ce. Da yawa daga cikin wayoyi da kayan lantarkin da ke can daga Sin suka fito, aka ɗora riba. Abin da take ba ka shi ne sari kaɗan-kaɗan, da zinare da turare da abaya. Dirhami kuma a ɗaure yake da dala, dala ɗaya kusan dirhami 3.67, lissafi ba ya rikicewa. Gwanzu ita ce bakin masana'anta, akwai arha, sai dai ana so ka ɗauki da yawa, kuma kwantena kan wuce wata guda a ruwa kafin ta iso Legas, balle ta ƙaraso tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018. Mai ƙaramin jari ba zai jure wannan jiran ba.

A ganina, mai neman kayan salla cikin gaggawa ya yi Dubai, bayan ya bincika sharuɗɗan biza na lokacin. Mai cika kwantena ya yi Gwanzu, ya daidaita tafiyarsa da baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu a Afrilu ko Oktoba. Kada ya ba da oda gab da sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, don masana'antu kan rufe na makonni.