Accord mai ƙofa biyu a titunan Garwa: daɗinta da ɗawainiyarta

Motar da nake hawa Honda Accord ce ƙirar 2010, mai ƙofa biyu, inji mai silinda huɗu, giyarta otomatik. A nan Garwa, arewacin Kamaru, na saye ta, a hannun wani ɗan kasuwa da ya ɗan more ta bayan an sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Kyanta ya ja ni, amma kuɗin ne ya tsayar da ni. Duk Corolla ko RAV4 mai lafiya da dillalai suka nuna mini a lokacin ta fi ƙarfin aljihuna. Ita kuwa wannan ta daɗe a ajiye, kowa ya zo sai ya zagaya ta, ya yaba, ya leƙa kujerar baya, ya kama gabansa. Mai ita ya gaji ya sallama a kan sefa miliyan 3 da dubu 200, ban da la'ada da kuɗin sauya takardu.

Wannan jikin an ƙera shi ne daga 2008 zuwa 2012, a Marysville da ke jihar Ohayo, don kasuwar Amurka. Inji iri biyu ake samu a ciki: na lita 2.4 mai ƙarfin doki 190, wanda shi ne nawa, da V6 mai silinda shida na lita 3.5 mai doki wajen 270. Kamfanin ya daina yin Accord mai ƙofa biyu bayan ƙirar 2017. Kafin nan Toyota ta rufe Solara a 2008, Nissan ma ta bar Altima mai ƙofa biyu a 2013. Wato can inda aka yi su ma kasuwarsu ta mutu, kuma duk wadda za ka gani a gari yau tsohuwa ce, sai dai wata ta fi wata samun kulawa.

Kasancewarta 'yar Amurka yana zuwa da wasu 'yan halaye. Agogonta mil yake ƙirgawa, don haka in dillali ya nuna maka 100,000 yana murmushi, ka sani kilomita 160,000 ke nan. Rediyonta na asali ba ya kama tashar FM sai wadda lambarta ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 bayan ɗigo, shi ya sa wasu tashoshinmu ke fitowa da shaƙaƙƙiyar murya, wasu ma ba sa fitowa. In an cire batir kuma sai rediyon ya kulle ya nemi lambar sirri, ka tabbata mai sayarwa ya ba ka ita. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne ƙasan motar. A jihohin arewacin Amurka gishiri ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa alhali fenti na sama yana sheƙi. Mun kai ta gareji mai rami, bakanikena ya shiga da tocila ya bubbuga ko'ina kafin mu fara ciniki. Na kuma sa wani ƙanena ya bincika lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a intanet, don da yawa daga motocin da ake kawo mana na gwanjon haɗari ne ko waɗanda ambaliya ta shanye.

Takardu ba zan tsawaita ba. Lambar da ke kan kat giris, wato katin rajistar mota, ta yi daidai da ta jikin mota, takardar duwan, wato kwastan, ta zama ta gaskiya, musamman ga motar da ta shigo ta iyakar Najeriya, sannan bizit, wato takardar gwajin lafiyar mota, da inshora, wadda tun 2017 ake biyan kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, a cikinta. Mota mai jan ido ce, a kowane shingen jandarma sai an tsayar da kai ko don a kalle ta, saboda haka kada takarda ɗaya ta yi rauni.

A kan kwalta mai kyau ba ni da abin cewa sai yabo. Hanyar Marwa ta Figil nake yawan bi, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, kuma inda titin ke da lafiya motar nan kwanciya take yi a ƙasa. Ka sha kwana ba ta tangaɗi, ka zo wuce tirelar siminti ko ta auduga ka taka, ta amsa nan take ba tare da injin ya yi ta kururuwa ba. Hawan falez, wato dogon tudun nan na hanyar Ngaundere, inda tsofaffin bas ke tsayawa suna tafasa, ta haye shi da na'urar sanyi a kunne, allurar zafi ba ta motsa ba. Kujerun gaba masu faɗi ne, dogon mutum zai miƙe ƙafa yadda yake so. Ƙarar taya tana shigowa ciki fiye da yadda na zata, amma wannan ba ya hana hira.

Mai kuwa tana sha daidai girmanta. A lissafina, cikin gari da sanyi a kunne takan ci kusan lita 12 a kilomita 100, a doguwar tafiya ta sauko wajen 8 zuwa 9. Tankinta lita 70 ne. Da litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan ta kai 840 a Fabrairun 2024, cika tanki daga ƙasa ya zama sefa 58,800. Mu nan arewa mun saba da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya na bakin titi, wanda ya yi araha shekara da shekaru kafin Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023. Ko a lokacin da yake da sauƙi, man kwalba da jarka ba abokin irin wannan injin ba ne. Ƙura da ruwa da duk abin da aka gauraya suna taruwa a famfon mai da ke cikin tanki, su toshe nozul. Wanda ya riga ni hawa da shi yake ciyar da ita, kuma ni na biya kuɗin sabon famfo. Tun daga nan gidan mai nake sha, in tafiya ta tilasta mini na bakin hanya sai an tace a gabana.

Matsalar farko ta gaske ita ce kusancinta da ƙasa. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, kowa da tsayin da ransa ya so, sai na bi shi a karkace kamar mai satar hanya, in kuma akwai mutum biyu a baya sai salansa ta gaisa da siminti. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke yanka lungunan da ba kwalta, akwai gidajen 'yan uwa da nake ajiye ta a bakin babban titi in ƙarasa da ɗan acaba. Hanyar ƙauye ta burji ban ma fara ba. Hanyar Mora zuwa Kuseri kuwa, wani aboki ya nemi mu je Njamena da ita, na ce ya nemi Hilux. Tayoyinta 225/50 ne a kan rim 17, bangonsu siriri, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa rim, kuma ba kowane mai faci ne ke da wannan lambar a rataye ba. Masu V6 nasu rim 18 ne, abin ya fi muni. Wasu suna sa a ɗaga motar da roba a kan shokozoba. Na hau wadda aka yi wa haka, ta daina gogar ƙasa, amma kwanciyar nan da ta sa ake sonta ta tafi.

Sai zafi. Wanda ya san Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, ya san na'urar sanyi ba ado ba ce. A wannan motar tagogin baya ba sa buɗewa sam, gilashi ne a manne. Ranar da gas ya tsiyaye, na baya ba su da wata iska sai wadda na gaba suka rage musu. Kujerun fata kuma in rana ta dake su sai an shimfiɗa tawul. Rufin gilashi na sama yana da 'yan hanyoyin ruwa a kusurwoyinsa, ƙurar hunturu takan toshe su, ruwan farko na damina ya sauko ta cikin silin. Yanzu kafin damina nake sa a hure su da iska.

Ƙofa biyun nan dai ita ce ainihin zancen, don mota a wurinmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da na fara ɗaukar mahaifiyata da ƙanwarta zuwa gaisuwar rasuwa, sai da aka tsaya shawara a ƙofar gida. Girma ya ce Inna ta zauna gaba, to amma sai Gwaggo ta fara sunkuyawa ta tattare zani da mayafi ta kutsa baya, kuma in an isa Inna ce za ta fara fita ta tsaya a rana a ture kujera. Inna ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, duk motocin duniya ka rasa wadda za ka saya sai akurki?" Ba ta ƙara shiga ba sai da larura. Surukina kuwa ban taɓa gigin cewa ya shiga baya ba, ni ma da babbar riga ranar Juma'a sai na naɗe ta sosai kafin in zauna, don kujerar a ƙasa take. Uwargida ta fi kowa ƙorafi, da gaskiyarta: sa yaro a baya da fito da shi aiki ne na mai ƙoshin ƙugu, ga ƙofofin dogaye masu nauyi, a kasuwa tsakanin babura ba ka samun filin buɗe su. Abu ɗaya ta yaba, yara ba su da ƙofar da za su buɗe ana cikin tafiya.

Akwai wata riba da ban yi tsammani ba. Masu aron mota sun ragu ƙwarai. Ba mai zuwa ya ce a ba shi ita ɗaukar amarya ko kai mata suna, sai dai abokan ango su roƙa a sa ta a gaban jerin gwano don hoto. But ɗinta ma madaidaici ne, bakinsa ƙarami, buhun masara ɗaya sai an yi dabara.

Wajen gyara motar ta rabu gida biyu. Inji, giya, birki da yawancin kayan ƙafa iri ɗaya ne da na Accord mai ƙofa huɗu ta shekarun, wadda ta cika Najeriya. Waɗannan ba wuya, in babu a Garwa ana kawowa daga Yola, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Kam Yabasi a Duwala. Amma duk abin da ido ke gani daga waje nata daban ne: fitilun gaba da na baya, bamba, ƙofa, gilasan gefe, gilashin baya. Wani ɗan acaba ya fasa mini fitilar baya a kusa da babbar kasuwa, abin da a Corolla za a sauya kafin la'asar. Na yi makonni ina yawo da jan selotef. Ta farko da aka aiko ta mai ƙofa huɗu ce, aka mayar. Bakanikena ya ce, "Yallaɓai, injin nan ko a ƙauye zan gyara maka shi, amma ka roƙi Allah kada a daki ƙofar nan." Saboda haka ga mai niyyar saye, lafiyar jiki ta fi lafiyar inji tsada a wannan motar. Inji mai hayaƙi yana da magani a kusa, fasasshen gilashin baya kuwa sai an jira wata ta mutu a wani gari.

In za a bi shawarata, a ɗauki mai silinda huɗu. Sarƙa ce ke juya injinsa, ba bel ba, muddin ana sauya baƙin mai a kan lokaci ba ruwanka da ita. V6 bel gare shi, wanda dole a sauya in ya yi shekaru, in ya tsinke ana tafiya kuma injin ne ke tafiya da shi. Ga shan mai, ga kuɗin binyet da inshora da ke hawa da ƙarfin inji, ga shi babu titin da za ka sake shi a kai. Baƙin mai kuma siriri littafinta ya ce, 5W-20, ba mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota a garejinmu ba. Samunsa na gaske sai an tona, ni daga Duwala nake sa a taho mini da galan biyu a lokaci guda. Man giya ma nata na musamman ne, DW-1, kada a yarda da "duk ɗaya ne".

Wani batu da dillalai ba sa tayarwa shi ne jakar iska. Accord na waɗannan shekarun suna cikin miliyoyin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakunkunan kamfanin Takata, wanda ya karye a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfi fiye da kima ya watso ƙarfe. A Amurka kyauta ake sauyawa, amma motar da ta baro can kafin a yi mata ta taho da kayanta. Da lambar shasi ake dubawa a intanet, kuma a gari mai zafin namu ya kamata a duba. Tawa an riga an sauya mata tun can.

Kwanaki na gwada sa ta a kasuwa don in ji ruwan ciki. Masu kuɗi a hannu iyali gare su, suna ganin ƙofa biyu suke juyawa. Masu sonta da gaske samari ne, su kuma biya kaɗan-kaɗan suke nema. Tayin da ya fi kowane tsoka bai kai miliyan 2 da rabi ba, duk da sababbin tayoyi da famfo da na sa. Arahar da na samu ranar saye ita ce za a cire mini ranar sayarwa, don haka na janye ta. Za ta ci gaba da kai ni Marwa da Ngaundere ni da jakata, hidimar gida kuwa na fara tara kuɗin wata tsohuwa mai ƙofa huɗu da tsayin ƙafa, ko da fentinta ya koɗe.