Mun hau Dutsen Kwatarkwashi da ɗan jagora, ga yadda ta kaya

Jama'a tunda na ɗora hotunan hawanmu Dutsen Kwatarkwashi mutane ke ta tambayata wa ya kai mu, nawa munka biya, akwai wahala ko babu, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya gani.

Ni ɗan Gusau ne, kuma Allah kaɗai Ya san sau nawa na wuce Kwatarkwashi a mota in za ni Funtua ko Zariya, kullum sai dai in leƙa dutsen ta taga in ce wata rana. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a jihar Zamfara, in ka fito Gusau ka kama hanyar Tsafe ka wuce jami'ar tarayya ba ka jimawa za ka hango shi ya tokare sama, garin na zaune a gindinshi. Wannan karon mu shida munka shirya, abokinmu guda yana da dangi can, su sunka haɗa mu da wani dattijo da ke kai baƙi sama. A kanshi nike son yin magana don wallahi shi ne tafiyar.

Ƙarfe 6 da rabi munka same shi yana jiranmu bakin masallaci, da sanda da gorar ruwa da takalmin roba, shi ke nan kayan aikinshi. Kafin komai sai da ya kai mu munka gaida manyan unguwa ya faɗa musu ga baƙi za su hau, kuma wannan ya kwantar min da hankali ƙwarai, saboda an san da mu an san sadda munka tafi. Daga nan ya bi ƙafafunmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce ma ɗayanmu da ya sa takalmi sau-ciki mai santsi, "ɗana, wanga ba shi hawa dutsi, a samo mai wani." Sai da anka aro mishi kambas a gidan dangin nan sannan munka kama hanya.

Farkon hawan ba laifi, tsakanin manyan duwatsu kake bi da 'yan itatuwa, amma akwai wani wuri da dutsen ya zama fale ɗaya sumul ya miƙe, babu abin kamawa, kuma inda ruwan damina ya saba gangarowa ya bar wani baƙin layi mai santsi kamar an shafa mai. Nan na san amfanin mutumen nan. Bai bari mun miƙe kai tsaye ba, a karkace ya bi da mu, yana buga sandarshi inda za ka sa ƙafa, nan, sannan nan, kuma ya hana kowa ɗaga waya sai mun wuce. Ƙanen abokina jiri ya kama shi a tsakiya ya durƙusa ya ce shi ba ya iya gaba ba ya iya baya, Baba bai yi mishi faɗa ba bai bari an yi mishi dariya ba, ya sauko ya zauna kusa da shi ya ba shi ruwa, ya ce "kak ka dibi ƙasa, dibi dugadugaina kawai," ya miƙa mishi bakin sanda ya riƙe har sunka haye. Wannan abin ya tsaya min a rai har yau.

A sama kuwa sai wanda ya gani. Mun je bayan ɗauke ruwa kafin hazon hunturu ya sauko, don haka gari tas, gonakin dawa da gero shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ga kwalta can ƙasa tireloli na bi a hankali ba ka ko jin ƙararsu, iska kaɗai. Ya nuna muna tsingaro warwatse a ƙasa da wasu 'yan ramuka da sunka lotsa cikin dutse, ya ce mutanen zamanin da sun zauna bisa saboda tsaron kai daga mahara kafin a sauko ƙasa. Ya ba mu labarin bikin Baura da kamun maiki da samarin zamanin da ke yi a dutsen nan don nuna jarunta, yana faɗa yana nuna ɓangaren da tsuntsayen ke sheƙa, wurin da ko kallonshi ka yi sai gabanka ya faɗi. Nan munka buɗe hocen da munka sayo da ƙuliƙuli munka ci, ban taɓa jin daɗin hoce irin na ranar ba.

Yanzu abin da bai yi min ba. Babu tsayayyen farashi, in ka tambaye shi sai ya ce abin da ya sawwaƙa, kuma ni ina ganin wannan cutar kanshi yake yi, don wasu za su miƙa mishi abin da bai kai kuɗin koko da ƙosai ba bayan ya kwashe awa huɗu yana tsaron rayuwarsu. Mu dai karo-karo munka yi munka ba shi abin da ba za mu ji kunya ba, don Allah in kun je ku kyautata. Na biyu samunshi a waya aiki ne, sai ta hannun mutanen gari. Na uku kuma ba laifinshi ba ne, babu allon da ke nuna hanya, babu bayi, babu rumfar hutawa, ga ledojin fiya wata da robobin lemo da baƙi ke zubarwa, ga sunaye da anka rubuta da fenti a jikin dutse, abin ya ɓata min rai sosai. Shi da kanshi yake tsintar ledojin yana cusawa aljihu muna saukowa, sai da kunya ta sa mu ma munka tsinta. Jihar nan tun 1996 take, a ce wuri irin wannan kusa da babban birni ko benci guda babu, gaskiya da ciwo.

Maganar tsaro ba zan ɓoye ba, kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe ta shiga da matsalar 'yan bindiga. Kada ka tashi kawai don ka ga hoto. Ka tambayi mutanen garin a ranar da za ka, in sunka ce a dakata a dakata, ka je da safe ka dawo da rana tsaka, kuma kada ka ratsa ta bayan dutse wajen daji. Baba ma akwai inda ya ce nan iyakarmu, ba mu yi mishi musu ba.

Ka riƙe ruwa aƙalla gora biyu da hula, don ƙarfe 10 na yi dutsen ya ɗau zafi har tafin hannu ba ya taɓuwa, kuma saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Mun iso ƙasa wajen 11, ya raka mu har inda masu fura ke zama ya ce a dama muna da nono mai kauri, ya ƙi zama ya sha wai zai leƙa gona kafin azahar. Insha Allahu bayan damina mai zuwa in Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya da ƙannena zan koma, kuma shi zan nema.