Doki ɗan Arewa za ka ɗaure, ƙyale ɗan Sudan tukuna

Ƙanena, kan tambayarka ta wane doki za ka saya tsakanin ɗan Arewa da ɗan Sudan, tunda turkenka na farko ke nan kuma kilisa da hawan Sallah ne a gabanka, ɗan Arewa za ka saya. Duka biyun sun ci harawata, ba labarin majalisa nake ba ka ba.

Wanda ke bargata yanzu ɗan Arewa ne, launinsa bidi. A wani ƙauye bayan Dukku na samo shi, wurin wani dattijo da goɗiyarsa ta haife shi a tsakar gidansa. Ranar da aka sauke shi daga mota a unguwar Jekadafari ta Gombe abokaina dariya suka yi ta yi, wai na tafi neman ingarma na dawo da ƙuru. Ban ga laifinsu ba, don ba shi da tsawo, ga ƙaton kai, ga gajeren wuya. Amma ƙirjinsa a buɗe yake, kofatonsa baƙi ne mai taurin gaske. Shekara bakwai ke nan muna tare.

Hawanmu na farko da shi, muna tsaye cikin cunkoso daf da ƙofar fada, sai 'yan bindiga suka saki wuta a bayanmu ba zato, hayaƙin albarushi ya turnuƙe wurin. Dawaki biyu da ke gefena suka miƙe da ƙafa biyu, ɗaya ya watsar da mahayinsa, rawani ya warware a ƙasa ana ta tattaka shi. Nawa kunne kawai ya karkaɗa, ya yi firji sau ɗaya, ya ci gaba da taunar linzaminsa. Masu dariya tun ranar suka koma neman aro. Yanzu ɗana mai shekara 11 shi ke ɗaura masa sirdi, sai ya taka turmi kafin ƙafarsa ta kai likkafa, dokin kuwa yana tsaye ƙyam yana jiransa har ya daidaita zama. Da yamma in ya ji ƙarar babur ɗina a bakin lungu sai ya fara haniniya, duk gidan a san na dawo.

Ga sauƙin ciki. Harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, ɗan gero, sai jar kanwa jefi-jefi. In dusar gero ta yanke a kasuwar Tudun Hatsi na kawo ta masara, in dai na gauraya masa a hankali cikin 'yan kwanaki, ba ya nuna ya san an canza. Zafin Maris da Afrilu na Gombe kuwa a cikinsa aka haife shi, matuƙar ba a bar shi da ƙishi ba. Ka ware masa jarka biyu ta lita 25 a ranar zafi, wannan kam ba sassauci ko wane iri ka saya.

Ɗan Sudan, ban hana shi kyansa ba, dogo ne, kuma a filin sukuwa bidina sai dai ya sha ƙura. Nawa akawal ne, wato baƙi, wata 14 ya yi a hannuna, kwanakin jinyarsa a turke sun fi na sirdi yawa, na sayar da shi a faɗuwa. Dokin mai ɗan barga ne da fili da hannun da ya saba. A hannunka yanzu, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ba ka tambaye ni batun dillalai ba, amma a nan ne aka fi yanka sabon shiga. Akawal ɗin nan a wata kasuwa na saye shi da rana tsaka, an wanke shi tas yana ƙyalli, an ɗaura masa sirdi da jalala tun kafin in iso. Na hau, ya yi takama kamar a ce sarki ne a kai. Kwana biyu da zuwa gida sai ga ɗingishi a ƙafar gaba ta dama. Likitan dabbobi ya taɓa jijiyar ya ce wannan tsohon ciwo ne, allurar kashe zafi aka yi masa ranar kasuwa. Ƙarƙashin jalalar kuma ga miki a gadon baya. Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa, wayarsa ba ta sake shiga ba.

Akwai masu yi wa doki mai tutsu allurar sanyaya jiki, ka gan shi lumui kamar tunkiya, sai ta sake shi ka ga cizo da harbi. In ka ga doki ya sunkuyar da kai, leɓen ƙasa ya saki, ido na lumshewa a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ba ladabi ba ne. Akwai masu ɗirka wa ramamme kanwa da ruwa cikinsa ya taso. Akwai kuma masu kama dogon ɗan Arewa ko ruwa-biyu su ce maka jiya aka shigo da shi ta Chadi, su yanka maka kuɗin ɗan Sudan. Cinikin hoto da bidiyo a WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne, kada ka tura ko sisi da sunan kafin alƙalami.

Ko kasuwar Maigatari za ka je ranar Alhamis, ko gidan mutum, ka sa a sauke sirdi ka shafa bayan da tafin hannunka. Ka ɗaga ƙafafu huɗun ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi ba da ƙafa zai wahalar da kai ranar gyaran kofato. A ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri, ba yashi ba, kana kallo ta gaba da ta baya. In kansa na yin sama duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, wannan ƙafar ce mai ciwo. A sukwane shi, ka tsaya kusa ka saurari numfashinsa. Sannan ka buɗe baki. Haƙoran gaba na tsakiya suna canzawa ne a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara 5 baki ya cika. Wanda aka ce maka ya kai shida alhali da sauran ƙananan fararen haƙoran nono, duƙushi ne. Kai mai shekara 6 zuwa 9 za ka nema, wanda ya riga ya ga hawa ya ji ganga da algaita. Launi kuwa, kili ne ko hurde ko danda, da camfin tsofaffi kan farin ƙafa, bar su a ƙarshe.

Na fi son sayen gida, don kana iya komawa da asuba ba tare da ka sanar ba, ka ga yadda yake tashi daga kwana da yadda yake cin abinci. A biya kuɗi gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta takarda da kamannin dokin, saboda ana satar dawaki.

Kuma kada ka bari sai azumi ya raba tsakiya, lokacin kowa ke nema, gurgu ma kuɗi yake yi. Ka jira a sauko daga babbar Sallah, masu gajiya da ciyarwa su fara sakin nasu. Da kaka ka tara harawar shekara tun tana araha, ka samu rumfar da ruwa ba ya taɓawa, don mai fumfuna ciwon ciki take kawowa. In ka samu wanda ya kwanta maka a rai, ka biyo ta gidana mu je tare, zan ɗauko likitan da ke duba bidina.