Ƙishirwar bayan tiyata, abin da na gani a nan Ingila

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Umma. Kin ce in ba ki labarin aikin da aka min tunda Umma ma an sa mata ranar tiyata, toh alhamdulillah an cire matsarmamar lafiya, ƴan huji huɗu ne kawai a ciki. Amma wallahi da na farka ba ciwon ne ya dame ni ba, ƙishirwa ce, leɓena ya manne da haƙora, maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi, kalmar farko da ta fito bakina ruwa ce ba salati ba, Allah ya yafe min.

Kin tuna lokacin aikin Gwaggo ai, tun sha biyun dare aka ce ba ci ba sha, ba a shiga da ita ba sai bayan azahar, da ta fito kuma aka ce ko ɗigo kar a ba ta sai ta saki iska, muna zaune tana roƙonmu da ido kusan kwana biyu. Ni da wannan tsoron na tafi. Sai ga takardar da suka aiko min ta ce abinci a daina awa 6 kafin aiki, amma ruwa zalla zan iya sha har saura awa 2, shayi ma in babu madara, don madara a wajensu abinci ce. Na ɗauka kuskure ne sai da na kira na tambaya.

Likitar da ke sa barci ce ta warware min. Ta ce hanin ba mugunta ba ne, in an sa mutum barcin tiyata tari da haɗiya duk suna tsayawa, abin da ke ciki zai iya tasowa ya faɗa huhu, wani likitan haihuwa a Amurka mai suna Mendelson ya yi rubutu a kai tun 1946 bayan ya ga hakan ga mata masu naƙuda. Sai dai ruwa zalla ba ya zama a ciki, kafin awa 2 ya wuce, shi ya sa suka sassauta. Ƙishirwar kuma abubuwa ne suka taru, ga azumin, ga bututun numfashi da ke barin baki a buɗe, ga oksijin busasshe, ga wata allura glycopyrrolate da ake yi wajen tashin mutum tana ƙafar da yawu. Shi ya sa dirip na shiga hannunki amma bakinki a bushe ƙamas, wanda ke cewa ai an sa miki ƙarin ruwa me kike nema bai taɓa kwanciya a gadon nan ba.

A ɗakin farfaɗowa nas ɗaya ce a kaina ni kaɗai, kuma ba agogo ta duba ba, ni ta duba. Ta tambayi sunana, ta ce in ɗaga kai, in yi tari, in haɗiye yawu, ta tambaya ko zuciyata na tashi. Da ta ga komai daidai ta ɗaga kan gadon na zauna a jingine, ta fara jiƙa min baki da wani ɗan soso mai tsinke, can kuma ta ba ni ƙanƙara ƴar mitsitsiya in tsotsa. Yaya wannan ƙanƙarar ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Ashe sanyi a baki yana kwantar da ƙishirwa tun kafin ruwan ya kai ko'ina, kaɗan sai ya yi aikin mai yawa kuma cikin bai cika ba. Daga nan sai kurɓi ɗaya, a jira, a ƙara.

Ni ce dai na yi wauta, da aka mai da ni ɗaki nas ta ajiye min kofi ta juya baya na ɗaga shi gaba ɗaya, ko minti biyar ba a yi ba ya dawo, amai da sabon ɗinki kuwa ba na yi wa maƙiyi fata, sai da aka min allurar tsai da amai.

Ba wai nan aljanna ba ce fa, wata bakwai na yi ina jiran layi kafin a kira ni. Kuma ban ga laifin nas ɗinmu na gida ba, mace ɗaya da ɗaki cike da marasa lafiya ina za ta samu lokacin tsayawa tana gwada haɗiyar kowa, cewa kar a ba kowa ya fi mata sauƙi. Tsarin nan na saurin ba da ruwa da abinci da tayar da mutum ya taka, wani likitan tiyata ɗan Denmak, Henrik Kehlet, shi ya assasa shi a shekarun 1990.

Don Allah kar ki karanta wannan ki je ki ɗura wa Umma ruwa a ɓoye. Wani aikin, kamar na hanji ko maƙogwaro, ko in an zura bututu ta hanci, likitan da ya yi shi kaɗai ne zai ce a fara. Ki tambaye shi tun kafin ranar, ƙarfe nawa za ta daina shan ruwa, yaushe za ta fara, in an ce a jira ko an yarda a jiƙa mata baki da auduga ko ta kurkure ta tofar. In an ba da izini a zaunar da ita tukuna, kar a ba ta a kwance ko tana gyangyaɗi, cokali cokali, in ta shaƙe ko tari ya sarƙe ta a tsaya a kira nas. Ki tafi da ƙaramin cokali da fulas na ƙanƙara. Basilin kuma kar a shafa mata a leɓe in tana kan oksijin, ni ma hana ni aka yi, wai mai da oksijin ba sa shiri saboda wuta. Ki gaishe min da ita, zan kira ranar Juma'a in sha Allahu.