Fitilar keke da babur: mai ƙiftawa ko mai tsayayyen haske?

Fitila iri biyu ce: wadda za ka ga hanya da ita, da wadda za a gan ka da ita. Yawancin masu saye ta farkon suke nema, su bar bayansu cikin duhu, alhali motar da ke tafe ta baya ita ce ba ka gani. In kuɗin na fitila ɗaya ne, a fara da jar danja.

Mai ƙiftawa tana saurin jan ido, cajinta kuma ya fi daɗewa. Illarta da daddare take: direba zai san akwai abu a gabansa, amma ya kasa auna nisansa, don hasken na ɓacewa yana dawowa. A Jamus doka ba ta yarda a ɗaura ta a jikin keke ba. Birtaniya ta halatta ta a 2005, bisa sharaɗin ƙiftawa 60 zuwa 240 a minti. Da rana, ko da safiyar hunturu da hazo ya rufe hanya, mai ƙiftawa ce ta dace. Da dare a bar ta a tsaye, ko a nemi irin wadda haskenta ke ƙaruwa yana raguwa ba tare da ya mutu ba. Wanda ke da hali ya haɗa biyu: tsayayya a ƙasan sirdi, mai ƙiftawa a bayan hular kwano.

Da lumen ake auna ƙarfin haske. Ga keke, danja mai 20 zuwa 50 ta isa da dare, da rana kuwa sai 100 zuwa sama. Ta gaba, 200 zuwa 400 a cikin gari; a hanyar da babu fitilun titi, 600 zuwa sama. Kada a ruɗu da manyan lambobin da ke jikin kwalin masu araha. A kunna ta a shago, a ja da baya, a kuma leƙa ta ta gefe, domin a mararraba ta gefe ake buge mutum.

Mai caji da USB ta fi sauƙin kuɗi in an daɗe, amma inda wuta ba ta tsayawa, mai batir AAA ta fi rufin asiri. Dinamo, wanda juyawar taya ke ba shi wuta, mai volt 6, wat 3 ba ya neman caji, sai dai tsohon samfurinsa da ka tsaya haske ya ɗauke. Saboda damina a duba alamar jure ruwa ta IPX4 ko sama. A murɗa maɗaurin da hannu, in yana lilo, gargada za ta karya shi.

Babur nasa ya fi wuyar sha'ani. Ƙananan babura da yawa fitilar gabansu daga kwayil take shan wuta kai tsaye, ba daga batir ba. Ka sa mata ƙwan LED da bai dace ba, sai ya riƙa rawa in inji na silo, ko ya ƙone. A nemi mai rubutun AC/DC, wato mai aiki da wutar kwayil da ta batir, gindinsa kuma ya yi daidai da na asali. In an mayar da sigina LED, a canza filasha, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, in ba haka ba ƙiftawar za ta yi sauri ko ta tsaya cak. Duk ƙarin fitila a ba ta fis nata. A sunkuyar da ta gaba kaɗan: wanda ka kashe wa ido, kanka zai nufo. Masu walƙiyar shuɗi da ja a bar wa motocin jami'an tsaro da na gaggawa, kuma kada a mayar da danjar babur mai ƙiftawa ba tsayawa, don na baya ba zai gane lokacin da aka taka birki ba.

Tef mai sheƙi in an haska shi ba ya cin batir. A manna shi a feda, ko a ɗaura a idon sawu, domin motsin ƙafa sama da ƙasa ne ke nuna wa direba tun daga nesa cewa mutum ne a kan keke. Lokacin ƙura a goge shi da gilashin danja kafin a fita.